Ranar da Na Zaɓi Zama Shef

Shekarar da aka daina aikin dole, aka fara biyan masu gyaran hanyar Madawa zuwa Buza, ni kaɗai ne a ayarinmu na iya ƙirga da Faransanci. Da tafintan Anasara ya zauna rubuta matsayin kowa, na ture mutane na tsaya gaba.

"Mi za a rubuta maka, mai ɗaukar dutse ko shef?" in ji shi.

Na ce shef, wato shugaban ayari, da ƙarfi, don surukina da ke cikin layi ya ji. Tafinta ya ɗago kai ya ce, "Ka tabbata, malam?" Na ɗauka hassada ce.

Sai ranar biya na gane. Mai ɗaukar dutse, in ya wuce la'asar yana aiki, yana da ƙari. Shef kuwa ba shi da lokacin tashi, don haka ba shi da ƙari. Ga shi dutsen tare muke ɗauka har magariba. Na roƙi a sauke ni, tafinta ya ce takarda ta riga ta tahi Tawa.

A shekarar nan gero bai yi ba. Waɗanda nake daka wa tsawa suka sayi hatsi, ni kuwa na aika matata gidan ubanta da ƙwarya. Ya cika mata, ya ce ta gai da shef.

Har yau in na miƙa akushi a ƙara mini tuwo, sai jikokina su ce, "Kaka, shef ba ya da ƙari."