Mudun da Ya Cinye Alade

Wani mutum ne a Kafanchan, shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji. Shi ba ma'aikaci ba ne, ko kwabo bai samu ba, amma tsadar da ta biyo baya ta gane ƙofar gidansa ba tare da tambaya ba.

Acca yake sayarwa a kasuwa. Jarin kuwa ba nasa ba ne. Matarsa Scholastica ce ta sayar da uwar aladenta, wadda ta yi shekara biyu tana kiwo da dusar burkutu, ta danƙa masa kuɗin. Ta kuma gaya masa a gaban ƙannensa cewa ranar da jarin nan ya narke, shi zai koma ɗakin aladen da zama.

To, kuɗin mota zuwa Zonkwa, inda yake saro accar, ya tashi. Buhu ya tashi. Tikitin kasuwa ya tashi. Har mai dakon da ke ɗauko masa kaya daga tasha ya fara taku kamar mai ofis.

Sai ya kai kukansa wurin Silvanus, akawu a tashar jirgin ƙasa, wanda bai taɓa sayar da ko allura ba amma ya san sirrin kowace sana'a. Silvanus ya gyara biro ukun da ke aljihunsa, ya yi gyaran murya irin ta wa'azin Lahadi.

"Ɗan'uwa, a bizines doka ɗaya ce. Mai saye shi ke ɗaukar tsada. Kada ka taɓa farashi, kwastoma zai gudu. Mudu za ka taɓa."

Ya bayyana masa yadda ake kai mudu wurin maƙeri a buga gindinsa ya shige ciki, ido ya ga mudu cikakke, jaka ta karɓi rabi.

Mutuminka ya nufi maƙerar Mijinyawa. Kwabo goma, aka buga. Washegari ya hau mota sai Zonkwa, inda mai sari ke zuwa da mudunsa ya auna a wurin manoma. Matan da suka kawo acca suka dubi mudun, suka dubi juna. Wata tsohuwa ta kasa haƙuri.

"Ɗana, da wannan za ka auna?"

Ya ce i, da shi zai auna, sabon tsari ne daga mutanen reluwe. Nan take layi ya miƙe. Waɗanda suka sayar da tasu tun safe suka ruga gida suka fasa rumbu. Tsohuwar ta sa masa albarka har jikokin jikokinsa. Ya biya kuɗin buhu, ya dawo da rabin buhu, yana murna yau ba ruwansa da mai dako.

Silvanus ya ji labari ya dafe kai. Ya ce ƙaramin mudu ai na sayarwa ne, wa ya aike shi ya yi sari da shi?

"Kai ka ce mai saye ke ɗauka. A Zonkwa kuwa ni ne mai saye."

Silvanus ya tuɓe tabarau, ya maimaita masa sannu a hankali kamar ajin baftisma: a saya da babba, a sayar da ƙarami. Mutuminka ya ce yanzu ya gane. Ya koma wurin Mijinyawa a bugo gindin waje saboda zuwa Zonkwa na gaba. Kwabo ashirin wannan karon, wai gawayi ya tashi. Mudu ya fito da tumbi kamar tukunyar biki.

Sai dai kasuwar Zonkwa saura mako guda, mudu kuma shi ke nan gare shi. Ranar Litinin ya baje accarsa yana aunawa da shi. Kafin rana ta take, rabin zumuntar matan coci na gaban rumfarsa, kowace da kwano. Har gyara yake ƙara musu. Kaya suka ƙare ƙarƙaf, ya kaɗe buhu, ya shawarci maƙwabtansa su riƙa neman ilimi.

Jajibirin tafiya Silvanus ya biyo ta kasuwa, ya ga mudun, ya ce ba da ƙarami aka ce ka sayar ba? Mutuminka ya ruga maƙera aka mayar da gindin ciki, kwabo talatin. Da safe sai Zonkwa.

Haka aka yi ta yi. Kullum yana bin shawara, kullum shawarar na gabansa da mako ɗaya. Matan Zonkwa suka koma tarbarsa tun daga bakin mota. Mijinyawa ya sayi rediyo. A mako na shida guduma ta zarce, gindin mudu ya faɗi ƙasa yana juyi. Mijinyawa ya ce duk da haka sai an biya, ita ma guduma ta tashi.

Ya dawo gida da buhu wayam da zoben ƙarfe a hannu. Bai shiga ɗaki ba. Ya zaga baya ya duba sabon masaukinsa, ko da wurin shimfiɗa tabarma. Sai ya tarar da aladu biyu, ƙosassu, Scholastica na zuba musu dusa tana rera waƙar zumunta.

Ya tambaya na wa. Ta ce nata. Ita ma ta ɗan fara bizines. Wai akwai wani bawan Allah a kasuwa mai ba da mudu ɗaya da rabi a kuɗin ɗaya, har da gyara. Takan aiki ƙawayenta su kwaso mata, ta sayar a ƙofar gida da mudu irin na kowa.

Ya dubi aladun. Ya girgiza kai, tausayin mutumin ya kama shi. Can kuma idonsa ya yi haske, ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Maman yara, kada ki gaya wa Silvanus. Gobe ki nuna mini rumfar wawan nan, a wurinsa zan riƙa sari."