Dodon da Yaran Illela Ke Yi wa Dariya

"...lahiya lau, amarya. Ina gajiya? Ina tsuhwa?"

"Tsuhwa tana gidanku. Tsaya nan inda kake. Mi ac cikin jikkag ga?"

Haka Kaka Hindatu ta tari jikanta Na'Allah da hantsi, tana zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya san Na'Allah ya san ba ya doguwar gaisuwa a banza.

A ƙarshen daminar 1988 ne ya tsallaka Ƙonni ta Nijar ya dawo da wata na'ura da ake jona wa talabijin a yi wasa da maɓallai. Ya kafa ta a wani ɗan shago kusa da tasha, da batirin mota. A cikin wasan wani ɗan mutum ne ke yawo a tsohon gida, dodo yana binsa. Wanda ya sayar masa ya rantse wasan ban tsoro ne, amma yaran Illela da suka gani sai suka bushe da dariya, suka watse. Ubansa kuwa ya yanke magana: in shagon bai kama ba kafin dashen albasa, ya tattara ya koma fadamar Gidan Katta. Na'Allah gara ka ce masa kurkuku da ka ce masa fartanya. Shi ya sa ya tuna da kakarsa, wadda tatsuniyarta ta sa rabin yaran unguwa fitsarin kwance, har da shi.

"Tsaraba na kawo maki. Sukari ɗan Ƙonni, da goro."

"Sukari? Kai? Tun da anka yanke ma cibi ko ɓawon rake ba ka taɓa ba ni ba. Aje shi nesa, a kira akuya ta ɗanɗana tukuna."

"Haba amarya, in kashe ki in gaji mi? Tabarma da haƙori guda?"

"Biyu na, makaho. Kuma da su zan ci naman sunan ɗiyanka, in an samu marar ido ta aure ka. Mi ar rage cikin jikka? Na ga tana da kusurwa."

Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya fito da rakoda ya ajiye a gefen tabarma, ya zauna yana ba tsohon rumbun gidan baya.

"Gatana guda nika so ki yi man, irin mai dodo. In ɗauki muryakki in riƙa sa ma yara bayan talabijin."

"Na hwaɗi! Muryata za ka kai Nijar ka saisuwa. Gobe in buɗe baki in ji ba komi."

"Wa zai sai muryakki? Ko kwastan sunka kama ta, maido ta za su yi su ba ni haƙuri."

"Kuma da rana tsaka? Ba a gatana da rana, ɗan banza. Wanda yay yi, ɓacewa shika yi cikin kasuwa."

"Ke ko kin ɓace, wanda yat tsince ki kahin la'asar ya maido ki."

"To ban yi. Kashe abin ga."

"A kashe shike," in ji shi, ya danna wani maɓalli. Ƙarya yake, maɓallin ɗaukar murya ya danna. Kaka ta dubi rakodar, ta dube shi, ta ci gaba da ɓararta.

"Wai yaya dodon naka shike, da har ɗiyan mutane ka yi mai dariya?"

"Ƙato na, da baki wage. In ya taho sai kiɗi ya tashi, ƙii-ƙii-ƙii."

"Ana ganin shi?"

"Sarai. Tun daga nesa."

"Kuma da makaɗinshi? Wanga ai ango na, ba dodo ba. Kai, cikin gatanata, ka taɓa ganin dodo?"

"Na gan shi mana. Jajayen idanu, gashi har ƙasa, hwarce awa lauje."

"Ni nah hwaɗa ma haka?"

Na'Allah ya yi ta lalube a ransa, bai tuna ranar da ta faɗi kamannin dodon ba.

"Ban taɓa hwaɗi ba. Cewa nika yi, sai anka ji ana jan ƙahwa bayan zana. Sauran kai kaƙ ƙera abinka da kanka, kaj jiƙa man tabarma. Talabijin ɗin ba a rage mai haske?"

"Ana ragewa."

"Rage, har sai an ƙura ido kahin a ga inuwatai. Kiɗin kau ka kashe shi."

"Shiru ke nan hwa. Su yi kwana?"

"Kai da wa kat taɓa kwana in na yi shiru tsakiyar gatana? Ka rataya bargo bakin shago. Mai wasa ka zaunar da shi ya ba ƙohwa baya. Kuma kak ka ce gidan Turawa na, ba wanda ka tsoron gidan da bai sani ba. Ce musu kangon nan na na hanyar Amarawa, wanda suka wucewa in an aike su."

Na'Allah ya ƙanƙance ido. Abin ya zo masa da sauƙi da yawa, kuma tsohuwar nan ba ta taɓa ba shi ko ƙanzo ba tare da ta ja masa rai ba.

"Tsaya. Don mi kika hwaɗa man duk wanga kyauta? Akwai wata a ƙasa."

"Tausai nika ji. Hannuwan ga naka awa na amarya, in sunka ga hauya kuka za su yi."

"Ban yarda ba."

"Kak ka yarda. Matsa gaba kaɗan dai, ka bar jingina ga rumbun nan."

"Don mi?"

"Ba komi."

Ta ɗebi gyaɗa ta ci gaba da ɓara. Ya jira ta ƙara magana, ba ta ƙara ba.

"Kaka, mi ag ga rumbun?"

"Na ce ba komi. Tun rasuwar kakanka ba a buɗe shi ba, shi ke nan. Yaya uwarka da ciwon ƙahwa?"

"Da sauƙi. Don mi ba a buɗe shi?"

"Ka gaishe ta."

Gidan ya yi tsit, mata duk sun tafi rijiya. Na'Allah ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce ya gane wasan, ba za ta kama shi ba, shi da gemunsa. Amma ya matsa gaba kaɗan. Sai hannun Kaka ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Ta ɗaga kai a hankali, ta dubi wani wuri sama da kafaɗarsa, ta sassauta murya kamar mai lallashin baƙo.

"A'a. Ba shi na ba. Wanga jikana na. Koma."

"Kaka, bari."

"Kak ka waiwaya," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Na ce maka koma. Yaro na, bai san komi ba."

Na'Allah ya kasa waiwayawa. Ita kuwa ta saki ƙwayar gyaɗa guda da ɗan yatsa, ta wuce ta gefen kunnensa ta bugi wani tsohon kwano a gindin rumbun, ƙwal!

Ban taɓa ganin ƙato ya tashi sama haka ba. Takalmi ɗaya ya yi gabas, hula ta yi yamma, sai ga shi a bayan kakarsa ya riƙe mata zane yana kururuwa, "Wayyo Allah! Kaka, ki cece ni! Ya kama ni!" A bayansa kuwa babu komai sai rumbu da rana.

Kaka ta yi dariya har da hawaye, haƙoran nan biyu a waje.

"Sakam man zane, jarumi. Rumbun da anka kwashe gero jiya-jiya! Je ka kashe abinka, tun ɗazu nika ganin shi shina juyawa. Ka ɗauka makauniya ta ni?"

Ya maido da kaset baya ya kunna. Ga muryarta can ƙasa-ƙasa, ga dogon shiru, ga ƙwal, sai ihunsa ya cika gidan. Ko shi da ya san abin da ya faru sai da ya saci kallon rumbun.

"To ga dodonka nan," in ji ta. "Ɓoye rakodag ga bayan talabijin. Duk ɗan da yaj ji ƙato na wagga kururuwa cikin duhu, gobe sai ya kawo abokinai ya ji."

"Kaka, duk Illela an san muryata! Da wane ido zan bi ta tasha?"

"Albasa ba ta san muryar kowa ba. Zaɓi."

Ya dubi rakodar, ya dubi tafin hannunsa. Can sai dariya ta ƙwace masa. Ya zare kaset ɗin ya jefa a aljihu.

"Kin ci ni, tsohuwa. Amma in anka tambaya, cewa zan yi wani mutumin Ƙonni na."

"Hwaɗa musu haka. Ni kau yanzun ga rijiya za ni, in ba matan unguwa labarin mutumin Ƙonni."