Rasuwar Akwatin Imel na Inna Batulu da Wanda Ya Yi Ajalinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba tun ranar Litinin, Inna Batulu ta Basirka, matar marigayi Malam Hambali mai awon riɗi, take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gari, da na Maruta, da na Gwaram har zuwa Birnin Kudu, rasuwar akwatin imel ɗinta. Ya rasu yana da shekara shida da 'yan watanni. Ga tsofaffin da ba su san shi ba, akwatin wasiƙa ne da ke zaune a cikin waya, ba kwaɗo ba makulli, sai lambar sirri.

Ya rasu da amana a cikinsa. Nasiha, jikar Inna Batulu, ta ci jarrabawar shiga makarantar aikin jinya a Birnin Kudu, kuma ta wannan akwatin za a aiko mata da takardar kiran ganawa. Ganawar Litinin mai zuwa ce. Wadda ba ta je da takardar a hannu ba, gurbinta na wata ne.

An rubuta wannan sanarwa ne saboda kwana uku ke nan ana jan magana, wai tsohuwa ce ta kashe abinta da hannunta. Mai faɗin haka Sabo ne, ɗan wan mijinta, wanda ya sa aka rubuta masa "Injiniya" da jan fenti a saman shago, alhali iyakar iliminsa soka wa waya caja. Ya faɗa a tasha, ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa a bakin masallaci. To ita ma Inna Batulu ta yi ajin yaƙi da jahilci shekara biyu cur, hannunta yana rubutu. Ga nata bayanin.

An haifi marigayin a shekarar da aka ce duk manomin da ke son taki sai ya yi rajista da imel. Sabo ne ya karɓi haihuwar. Shi ya raɗa masa suna, shi ya riƙe lambar sirri, ya kuma sa lambar wayarsa a matsayin waliyyi, wai ko wata rana wani abu ya faru. Takin bai zo ba. Amma marigayin ya rayu.

Kowa ya shaide shi da haƙuri da son baƙi. Bai taɓa mayar da mai sallama ba. Gari na wayewa zai fara, "Tilin!" Kafin a sauke koko, "Tilin! Tilin!" Akwai wata matar janar a ƙasar waje da ta yi shekara biyar tana gargarar mutuwa, tana neman mai tsoron Allah da za ta bar wa zinare. Akwai masu cewa Inna Batulu ta ci mota, ita da ba ta taɓa shiga gasar komai ba sai ta tatsar nono tun tana budurwa. Masu fili a Abuja, masu maganin tumbi, masu takalmin gudu, da wani bawan Allah da ya damu ƙwarai da gashin kanta. Duk marigayin ya ba su masauki.

Da yake saƙonnin da Turanci suke zuwa, Justina mai ɗinki, maƙwabciya ta gari, ita ke karantawa bayan la'asar a gindin darbejiya, tana fassarawa ƙafarta na kan keke. Ita kuwa Inna Batulu ba a yi mata tarbiyyar a yi sallama ta yi shiru ba. Duk wanda ya rubuto sai ta sa an mayar masa da "Lafiya lau, mun gode, a gai da mutan gida." Matar janar ma an yi mata sannu da jiki ya fi sau talatin. Justina ta ce wannan amsar ce ke ƙara kiransu, kamar mai watsa tsaba a tsakar gida. Watakila haka ne. Amma ladabi bai taɓa zama laifi a gidan Malam Hambali ba.

Ba wannan ne ya tara wa marigayin jama'a ba. Sabo ne. Duk wanda ya je shagonsa zai yi rajistar wani abu, aka tambayi imel ya ce ba shi da shi, sai Injiniya ya ƙwanƙwasa na Inna Batulu, don ganda ba za ta bar shi ya buɗe wa mutum nasa ba. Bai taɓa neman izini ba. Haka akwatin tsohuwa ya zama zauren gari. Abin da Injiniya bai sani ba, da duk injiniyancinsa, shi ne waɗannan kamfanoni ba sa mantuwa. Ka ba su sunanka sau ɗaya, kullum sai sun aiko suna kiranka da shi, har da na mahaifinka.

A nan ne marigayin ya nuna babban halinsa: ba ya ɓoye wa uwar ɗakinsa komai. Ta bakinsa aka san wani Alhaji da ba ya rasa sahun gaba, amma duk Asabar sai an aiko ana taya shi jimamin ƙwallon da ya sa wa kuɗi. Ta bakinsa aka san wata baiwar Allah mai rantsuwa cewa farinta na gado ne, ashe duk ƙarshen wata ake tuna mata man ya kusa ƙarewa. Da wani malamin makaranta da ke neman aikin wankin tsofaffi a ƙasar sanyi, matarsa ba ta da labari. Da wani dattijo mai jika goma sha ɗaya da ake yi wa rangwame a kan wani magani, wanda kunya ba za ta bari a rubuta amfaninsa a takardar ta'aziyya ba. Inna Batulu ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Hadijatu mai ƙosai kaɗai take ɗan gutsura wa, ita kuwa Hadijatu kowa ya san yadda take da riƙon magana.

Gaskiya ne, a bara marigayin ya fara kumburi. Saƙo dubu goma sha huɗu a ciki ɗaya ba wasa ba ne. Justina ta nuna wani ɗan rubutu ƙanƙani kamar ƙwayar gero a can ƙasan kowane saƙo, wanda in an taɓa shi an ce wa mai aikowa ya daina ke nan. An taɓa wa masu takalmi. An taɓa wa masu fili. Wasunsu sun ji, wasu kuwa kamar an ce su gayyato danginsu. Na mutanen gari kuwa Inna Batulu ta hana a taɓa, domin ba nata ba ne, amana ce, kuma ba a korar baƙon wani. A kan wannan ne Sabo yake cewa ita ta ɗura masa abinci har ya fashe. Ƙarya yake yi. Mai kumburi yana numfashi. Ran Lahadi ma da yamma marigayin ya yi "tilin" har sau tara, muryarsa garau.

Ga yadda ajali ya zo. Makonni biyu da suka wuce sai saƙonni daga wani shafin neman aure suka fara shigowa da sunan wani "Dakta Sabo". Likitan tiyata ne a Abuja, shekararsa ashirin da tara, bai taɓa aure ba, yana neman farar mace mai hankali. Har da hoto: ga Injiniya ya jingina da motar da ta kawo amarya gidan Sarkin Noma, ya tsuke tumbi har idonsa ya firfito. Mutumin da ya haura arba'in da bakwai, mai 'ya'ya bakwai, wanda in ya ga ana yanka kaza sai ya kau da kai! Da Justina ta karanto, sai da allura ta soke ta. Inna Batulu kuwa Hadijatu kaɗai ta ɗan gutsura wa, kamar yadda ta saba. Sai dai ran suna a gidan Tani, Sabo ya zo wucewa, Hadijatu ta rusuna har ƙasa ta ce, "Dakta, an fito? Ya marasa lafiya?" Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya har wata ta ɓarar da kunu.

Ran Litinin da hantsi sai ga shi da sallamarsa mai zaƙi. Ya ce, "Inna, kawo wayar nan in share miki shara, kada takardar Nasiha ta rasa wurin sauka." Ya zauna a tabarmarta. Ya cinye ɗanwakenta, har ya nemi ƙarin yaji. Ya yi ta latse-latse, ya miƙo waya, ya ce an gama. Tun daga lokacin shiru. An aike shi ya share ɗaki, ya rushe gidan gaba ɗaya, don dai a binne Dakta a ƙarƙashin ƙasa.

Washegari Khairiyya ta Maruta, wadda suka zauna jarrabawa benci ɗaya da Nasiha, ta bugo tana murna tata takardar ta iso. Nasiha ta duba, babu akwati balle takarda. Ta hau mota ta je Birnin Kudu, ta ga sunanta a allo da idonta, aka ce mata an riga an aika, ta je ta buɗe ta buga ta zo da ita. Yarinyar da ta yi shekara biyu tana karatu tana tsinkar zoɓo a gonar mutane don kuɗin fom. Ta dawo ta shige ɗaki, ko tuwo ba ta taɓa ba. Wannan ne ya sa tsohuwa ta ɗauki biro.

Marigayin ya rasu ya bar waya ɗaya mai tsagaggen gilashi, da caja mai ɗaurin roba. Ya bar matar janar, wadda ga dukkan alamu za ta binne mu duka. Ya bar motoci goma sha shida da ba a je an karɓa ba. Ya bar marayu a cikin gari, maza da mata, waɗanda suka san kansu. Ya bar wasu Turawa mata uku da ke jiran amsar Dakta, Allah ya ba su wanda ya fi shi, kuma ba sai an wahala wajen nema ba.

Sai dai Justina ta bincika, ta ce irin wannan mutuwar tana da gyara in ba a daɗe ba. Kamfanin zai aika wata lamba zuwa wayar waliyyi, a sa ta, mamaci ya tashi da duk abin da ke cikinsa. Waliyyi kuwa an san shi. Da aka je masa da maganar sai ya ce ai wancan layin ya ɓata tun da damina. Inna Batulu ta sa Nasiha ta buga lambar a gabansa. Aljihunsa ya kama kiɗa. Ya ce ƙararrawar tuna salla ce. Ƙarfe goma na safe.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a yi ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gindin darbejiyar Justina, daura da injin niƙa, inda mata suka fi taruwa. Babu wanka, babu likkafani, tunda wanda ya yi kisan bai bar gawa ba. Kowa ya zo da tabarmarsa. An ari lasifikar mai tallan maganin gargajiya, ya ce kyauta ya bayar, shi ma yana so ya ji.

Bayan addu'a za a karanta wasiyyar marigayi. Inna Batulu ba ta jin Turanci, amma abin da aka fassara mata sau ɗaya ya zauna ke nan. Za a kira kowa da sunansa da na mahaifinsa, kamar yadda kamfanoni suke yi. Za a fara da Alhajin sahun gaba, a bi da mai farin gado, a bi da malam, a bi da dattijo, da wasu mutum tara da ba a ko taɓo su a nan ba. Dakta ne zai rufe taro, da cikakken abin da ya rubuta wa kowace daga cikin ukun. An tanadi kujera a gaba domin maiɗakinsa.

Duk wanda yake ganin bai kamata a karanta wasiyyar nan ba, kada ya wahalar da kansa zuwa gidan tsohuwa. Ba ta karɓar goro, ba ta jin roƙo. Ya san shagon da ke da jan fenti. In mamaci ya tashi kafin azahar ɗin Juma'a, aka buga takardar Nasiha ta riƙe ta a hannunta, to an fasa jana'iza, za a raba kunun tsamiya, wasiyya kuma ta bi tsohuwa kabarinta.

Za a manna wannan sanarwa a tasha, da bakin injin niƙa, da jikin shagon shi kansa. Don kada a ce an yi masa ba-zata, an kira Sabo har ɗaki an karanta masa tun daga farko. Ya ce, "Inna, ke fa uwa ce. Girmanki ne wannan?" Ta ce, "Girmana yana Birnin Kudu ran Litinin, Dakta. Ka ga manyan ƙusoshi biyu can, ka tafi da su, da hannunka nake so ka kafa sanarwar a shagonka." Ya miƙe, ya shuri buta, ya fita, ya bugo ƙofar langa-langa har kajin gidan suka watse.