Kwalekwale a Ƙofar Gidan Alhaji Tanimu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na nutsar da gidan Alhaji Tanimu a ruwa ba, shi da iyalinsa da buhunan masararsa, ana tsakiyar rani, ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Ko ni na so in manta, mutanen Tudun Wada ba za su bar ni ba.

Bari in faro muku daga tushe. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a bakin titi, ɗalibai ne yawancin masu kawo mini aiki. Wannan ya sa a layinmu ni ne masanin kwamfuta. Wayar tsohuwa ta ƙi kamawa, a kawo mini. Rediyon liman ya shaƙe, a kawo mini. (Tsakani da Allah, abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne in kashe abu in sake kunnawa, amma tunda ba wanda ya tambaya, ni ma ban faɗa ba.) A hankali kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Gidanmu kuwa a gangare yake. Sunan unguwar ne Tudun Wada, amma tudun na wasu ne. Duk damina, ruwan da ya taso daga saman unguwa yana neman gangarawa rafin Kubanni sai ya zo ya ci karo da katangar bayan gidan Alhaji Tanimu, ya rasa hanya, ya juyo ya yi sallama a ɗakin Inna, mahaifiyata. Da ta ga hadari ya haɗo, sai ta ƙwala mini kira in zo in ɗora mata katifa a kan tebur. A daminar da ta gabaci wannan labari, ruwa ya kai mata gwiwa, bangon ɗakin ya tsage daga sama har ƙasa. Maginin da ya duba ya ce bangon nan ba zai ɗauki wata daminar ba. Na yi juyin duniya ta koma ɗakina, ta ƙi.

"Nan babanku ya ajiye ni," in ji ta, "nan za a zo a ɗauke ni."

Maganin abin ba wani mai nisa ba ne. In Alhaji ya yarda ya ɗan matsar da katangarsa aka haƙa lambatu ta gefenta, shi ke nan. To amma Alhaji Tanimu, babban dillalin hatsi, mutumin kirki ne mai wuyar sha'ani. Tun da wasu samari suka taɓa yi masa rashin kunya cewa ya toshe hanyar ruwa, ko mai unguwa ya ambaci maganar sai ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ni ban toshe hanyar kowa ba, filina na gina."

Ana nan sai Malama Hadiza, wata malamar labarin ƙasa da ke zaune a Gyallesu, ta tara mu 'yan sa kai. Ta nuna mana wata taswira a intanet wadda kowa zai iya sa hannu ya gyara. Ta ce mutanen bakin teku suna zana gaɓarsu a ciki, na bakin kogin Kwara suna sa alamar wuraren da kwalekwale ke tsayawa, mu ma sai mu zana namu rafukan da kwatoci da kududdufai da kwalbatoci. In aka haska wa dattawa da injiniya hanyar ruwa ƙuru-ƙuru a bango, gardama ta ƙare. Ni da na ji haka, Inna kawai na tuna, na ɗaga hannu kafin kowa.

Ta raba unguwar gida-gida kamar dara, ta ba kowa rabonsa. Doka ɗaya ta kafa: duk abin da ka zana daga hoton tauraron ɗan'adam, ka taka da ƙafarka ka je ka gan shi.

Na ce, "Malama, ni fa a Tudun Wada aka yanke mini cibiya. Ko ido rufe na san kowane lungu."

Ta ce, "To, Allah ya taimaka."

Jama'a, ashe unguwa daga sama wata aba ce daban. Na buɗe hoton na ga rufin kwano duk ya yi tsatsa iri ɗaya, kamar an shanya gyaɗa. Ban gane gabas ba, ban gane yamma ba, gidanmu ma na neme shi na rasa. Ina cikin lalube sai idona ya faɗa kan wani abu dogo, shuɗi shar, yana ƙyalli a tsakiyar gidaje. Murna ta kama ni. Tun muna firamare aka koya mana cewa shuɗi a taswira ruwa ne. Nan take na zagaye shi da layi, na rubuta: tafki. Har da jingina da kujera ina murmushi, wai ni na gano abin da ya ɓuya wa masana.

(A nan ya kamata in tsaya in tambayi kaina: kai da aka haifa a Zariya, yaushe ka taɓa ganin shuɗin ruwa? Kubanni da damina kalar kunun tsamiya ne. Kwata baƙa ce. Kududdufi kore ne. Amma wanda kansa ya kumbura ba ya tambayar kansa.)

Zuwa gani da ido kuwa, na ce sai gobe. Goben ta zo da rana mai zafi da ɗalibai cike da shago, na sake cewa gobe.

Kwatsam sai ga saƙo ta cikin taswirar daga wani bawan Allah, Malam Bawa, ɗan sa kai daga Yawuri, wanda aikinsa shi ne sa alamar matsayar jiragen ruwa. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ce ya ga sabon tafkinmu, Allah ya sanya albarka, ko akwai inda masu kwalekwale ke tsayawa a bakinsa?

To, kun san halinmu. Baƙo ya yi maka sallama ya tambaye ka abin garinku, ka buɗe baki ka ce ba ka sani ba? Ina! Sai na ba shi amsar da muke ba kowa, wadda ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na rubuta: "Ba za a rasa ba."

Malam Bawa mutum ne mai ɗaukar magana da nauyinta. Ya duba ya ga wata hanya ta zo ta ƙare daidai bakin tafkin, ya ce lallai nan ne, ya dasa ɗan hoton kwalekwale a wurin. Da na gani har daɗi na ji, taswirata ta yi ado.

Malama Hadiza ma ta yi turus da ta zo dubawa. "Tafki a nan? Ka je ka gani kuwa?"

Na ce, "Haba Malama."

Ita ma ta ɗauka e nake nufi.

Ranar taro ta zo, wata Asabar bayan la'asar, a wani aji na makarantar firamare. An tayar da janareta, an haska majigi a bango. Ga mai unguwa, ga injiniyan da aka gayyato, ga dattawa a kan benci, mata a baya, Inna a cikinsu. Alhaji Tanimu, wanda sai da mai unguwa ya taka har gidansa kafin ya yarda ya zo, yana kujerar gaba ya harɗe hannu. Ni kuwa na sha shaddar Sallah, guga har tana yanka, an ba ni kwamfuta da sandar nuni. Malama ta yi bayani tiryan-tiryan, ta nuna kwatocin da suka cushe da inda ruwa ke taruwa. Mutane suna gyaɗa kai. Na leƙi Inna na ga tana kallona da irin kallon nan na "ɗana ne".

Sai Alhaji ya yi gyaran murya. "Duk na ji. Yanzu kai yaro, nuna mini gidana a ciki."

Na ce, "An gama, Alhaji." Na ɗora sanda a kan masallacin Juma'a, wanda abokan aikina suka riga suka rubuta sunansa, na fara bin hanya da murya kamar mai karanta labarai. "Ga masallaci. In ka miƙe, ga injin niƙa. Ka sha kwana ta hannun dama, ka wuce mai shayi, sai ka... sai ka..."

Sandata ta tsaya a kan kwalekwale.

Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareta. A cikin wannan shirun ne ƙwaƙwalwata, wadda ta tafi hutu tun farkon aikin, ta dawo ta tuna mini cewa bara Alhaji ya sauya rufin gidansa da rumbun hatsinsa gaba ɗaya, ya sa sabon kwano shuɗi. Kullum ta ƙofar nake wucewa. Ni da bakina na ce masa Allah ya sanya alheri ranar da ake bugawa.

Alhaji ya miƙe a hankali ya matso bango. "Wannan shuɗin mene ne?"

"Ruwa ne, Alhaji." Muryata ta koma ta ɗan akuya.

"Wannan ɗan abin fa?"

"Kwalekwale ne."

"A ƙofar gidana."

Ya juyo ya dube ni.

"Wato ni kifi ne."

Wani daga baya ya kasa riƙewa ya fashe, sai ajin gaba ɗaya ya ɗauka. Injiniya ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Malama Hadiza ta dafe goshi. Ni kuwa zufa ta jiƙa shaddar nan sharkaf, na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Amma Alhaji bai yi dariya ba. Fuskarsa ta haɗe. Ya ce, "Zagin da yara ke yi mini a bayan ido, shi ne yau aka tara jama'a aka haska a majigi. Na gode." Ya gyara hularsa ya nufi ƙofa. Nan kunya ta gudu, tsoro ya maye gurbinta, don abin da na gani a idona shi ne bangon ɗakin Inna yana rikitowa, kuma ni na tura shi.

"Tanimu!"

Kowa ya waiga. Rabon da a ji an kira shi da sunansa haka gatsau, tun kafin ya je Makka. Inna ce ta miƙe tana gyara mayafi. Ƙawar babbar yayarsa ce tun suna 'yan mata, abin da ni kaina na manta.

"Dawo ka zauna. Yaron nan shashasha ne, ni na haife shi, na fi kowa sani. Bai da wayon da zai zage ka." (Na gode, Inna.) "Amma ka faɗa mini gaskiya, kafin a cike wurin nan a sayar, mene ne a ciki? Ba kududdufin da muke wanki ba ne? Wa ya bi agwagwa ya zurma har wuya, aka tsamo shi yana ihu ba wando?"

Alhaji ya tsaya cak a bakin ƙofa. Muka ga gemunsa ya fara motsi. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa, ya tuntsire da dariya har da riƙe ƙyaure.

"Yaya Abu, ke kika tsamo ni! Kuma kika kai ƙarata gida aka zane ni."

Shi ke nan, taro ya koma hira. Tsofaffi suka shiga tuno kududdufin, wannan ya ce nan ya koyi iyo, wancan ya ce da ƙasarsa aka gina gidan kakansa. Alhaji ya dawo ya fizge sandar daga hannuna. "Kawo nan, kai ba ka san komai ba. In ya cika ya tumbatsa, ba ta nan yake bi ba. Ta nan yake fita, ya bi nan, ya gangara Kubanni." Ya ja sandar a bango, tiryan, daidai inda katangarsa take a yau.

Sandar ta tsaya cak a wurin. Ya daɗe yana kallon layin da ya ja da hannunsa, sannan ya juya ya dubi Inna.

"Har gwiwa aka ce ya kai miki?"

"Har gwiwa."

Ya ajiye sandar. "A matsar da katangar. Amma da sharaɗi: kafin a kira magariba a fitar mini da jirgin nan daga ƙofar gida."

Ban jira an tashi ba, a gabansu na goge tafkin, na rubuta gida. Malama ta sa aka zana tsohuwar hanyar ruwan yadda Alhaji ya nuna. Malam Bawa kuwa na aika masa da gajeren saƙo: "Malam, mun je mun duba. An rasa."

Lambatun da aikin gayya aka haƙa shi kafin ruwa ya sauka, Alhaji ya ba da siminti, ni aka ba ni shebur, wai tunda ni ne Sarkin Ruwa. Sunan ya bi ni har yau. 'Yan keke ma in za su sauke fasinja a layin, sai ka ji suna cewa, "Akwai mai sauka tashar jirgi?"

Abin da na koya? Hoton sama ba ya hana ƙafa aiki, kuma "ban sani ba" ba ta taɓa kashe kowa ba. Yanzu duk Asabar ina cikin masu bin gefen Kubanni da waya a hannu, ko kwatar da zan iya tsallakewa ba na zanawa sai takalmina ya taɓa lakarta.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, na ruga ɗakin Inna na ɗora katifa a kan tebur yadda muka saba. Muka tsaya a bakin ƙofa ni da ita muna kallon ruwan, ja wur, ya zo da gudunsa, ya sha kwana ta gefen sabuwar katanga ya wuce abinsa ko kallonmu bai yi ba. Can Inna ta share ido da bakin mayafi.

"Sarkin Ruwa," ta ce, "sauke mini katifata."