Ƙamshin Aljanna a Fadamar Kudan

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja dattawan Kudan zuwa fadama don su shaƙi ƙamshin Aljanna ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni koyarwa a firamare, ni ɗan birnin Zariya mai gajeren wando da dogon buri. Ina zuwa na ƙyalla ido na ga Hajara, 'yar Malam Tanimu, muƙaddamin da ke jan zikiri a unguwarmu. Ita ma dai ba ta ƙi ni ba. Da na tura manya, sai aka dawo mini da cewa Malam ya ce yaron ba shi da aibu, sai dai zuciyarsa boko ce zalla, bai taɓa ɗanɗana komai ba.

Maganar ta tsaya mini a rai, don a ganina kowa ya ɗanɗana ban da ni. A kwaleji mun yi wani malami Ba'indiye da ya ce a ƙasarsu mutum kan harɗe ƙafa ya rufe ido har ya manta sunansa. Malam Yohanna, abokin aikina, ya ce a cocinsu akwai matar da in addu'a ta yi nisa sai ta fashe da kuka ta ce ta ga haske. Tsohuwar gidan da nake haya, da ta ji garayar 'yan bori sai ta koma wata daban, har murya. Ga muridan Malam Tanimu, ranar Juma'a jazabu kan ɗauki wani ya faɗi yana hawaye. Ni kuwa in na rufe ido tuwo nake gani (wani sa'in har da man shanu).

Halwa ba a shigarta sai da izinin malami, amma ni na ga ai na yi karatu. Da aka ba da hutu na sami wata tsohuwar bukka a gefen gonakin rake, na ɗauki azumi, na harɗe ƙafa irin ta Ba'indiye, na riƙe carbi irin na Malam. Na haɗa kowace hanya, don ban san wadda za ta ɓulle ba.

Kwanakin farko ban samu komai ba sai cizon cinnaka. Ran nan da hantsi, yunwa ta gama jiƙa ni, sai wani ƙamshi mai ɗumi da zaƙi ya cika bukkar, irin wanda ban taɓa ji a duniya ba. Sai kuma wata murya can ƙasa-ƙasa, "huuu... huuu," tana zagayawa, ta yi nisa ta dawo, da wani bugu a hankali kamar na bandiri. Wallahi kuka na yi, na gaske, har gaban rigata ya jiƙe. Na ce shi ke nan, an yi mini buɗi.

Ranar Juma'a ana shafa fatiha bayan zikiri na miƙe na zayyana wa jama'a komai. Malam ya dube ni ya ce, "Ikon Allah. A ina ne wurin nan, ɗana?"

"Allah ya gafarta Malam, gara in kai ku ku ji da kanku."

Washegari na shige gaba, dattawa na biye. Muna dosar bukkar ƙamshin ya tarye mu. Na ga wani tsoho ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, na ce a raina har jazabu ya kama shi. Na rufe ido na ɗaga hannu na ce, "Kun ji? Kun ji muryar?"

Malam ya matso kusa da ni. Ya kama hannuna ya ratsa da ni cikin rake, muka ɓulla wani fili. Ga doki an ɗaure masa ido yana zagaya injin matse rake, injin na ta kukansa. Ga manyan tukwane ruwan rake na tafasa ana dafa mazarƙwaila. Ni da na tashi ina sayenta a tire, ban taɓa tambayar daga ina take fitowa ba. Injin ma na Malam ne. Kuma ga Hajara tsaye da ƙwaryar furar ma'aikata, ta ji komai.

"Ƙamshin gaskiya ne, muryar ma gaskiya ce," in ji Malam. "Sai dai dokina ne, ɗana."

Dattawa suka saki dariyar da suka riƙe tun daga hanya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na riga na yi wa Hajara bankwana a zuci, sai Malam ya matse hannuna ya ce a hankali, "Amma ka yi kukan?" Na ce na yi. Ya ce, "To wanda ya yi kuka don ya zaci Ubangiji ya waiwaye shi, ba a ce zuciyarsa boko ce zalla ba. Ka turo manyanka."

A cikin garar Hajara har da kwando guda na mazarƙwaila, kuma har yau in ta jefa mini ita a koko sai ta ce, "Malam, a sha a hankali, kada a tafi." Ban fasa yarda cewa bayin Allah na ganin abin da suke gani ba. Ni dai abin da na koya shi ne, in ka ji ƙamshin Aljanna, ka fara leƙa bayan rake kafin ka tara jama'a.