Beguwa Ta Tafi, Ta Bar Tabarau

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta, ni Maman Aku, a madadin maigidana da mahaifiyarsa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama a tabarmar ƙofar ɗakinmu, rasuwar littafinmu mai hotuna wanda muka fi sani da Beguwa. Ya rasu da hantsi, a cikin bahon wanki, bayan ya daɗe yana fama da ciwon baya. Ban san sunansa na gaskiya ba, ban san wanda ya rubuta shi ba, domin tun ranar da ya shigo gidan nan ba shi da bango. Duk abin da zan faɗa a kansa daga ka ne, tunda ba ya nan balle in duba.

Marigayin ya zo mana ne a cikin kwali, tare da wani fulas marar murfi da takalmi ƙafa ɗaya, ranar da mutanen ɗakin kusa da namu suka tashi. Matar ta ce, "Ki duba, abin da bai yi miki ba ki zubar." Niyyata in riƙa yagarsa ina kunna risho. Aku ce ta ƙwace shi daga hannuna.

Ga wanda bai san ta ba, Aku 'yata ce, shekararta shida. Kakarta ce ta laƙaba mata wannan suna, don tun tana rarrafe bakinta ba ya hutawa. Daga baya in'ina ta kama ta. Sai ta ɗauko magana, farkon kalmar ya tsaya mata a wuya, ta yi ta fama har idonta ya kawo ruwa. Da ta shiga makaranta sai yara suka sa mata janareto. In ta fara magana sai su ce, "Ja igiya, bai tashi ba!" A gida kuma, don tausayi, kowa sauri yake ya ƙarasa mata. Ta ce "ru", an ce "ruwa". Ta ce "Ba", an ce "Babanki ya fita". Sannu a hankali ta ga ba a bukatar bakinta, sai ta ajiye shi. Ta koma nuni da yatsa da gyaɗa kai.

A wannan hali marigayin ya same mu, kuma ina shaida cewa ya zauna da mu lafiya. Mai haƙuri ne. An zauna a kansa, an ɗora masa kofin shayi, an kashe sauro da shi, bai taɓa ƙorafi ba. Ba ya cin wuta, ba ya neman caji. Amma babban halinsa na kirki, wanda babu ɗayanmu da ya kai shi, shi ne bai taɓa ƙarasa wa Aku magana ba. A buɗe yake zama a cinyarta, yana jira, ko da za ta kai la'asar a shafi ɗaya.

Abin da ke cikinsa labarin wata beguwa ne da aka gayyace ta walima, ta ce ita ma sai an yi mata kitso kamar kowa. Ta fara zuwa wajen agwagwa. Agwagwa ta ɗaura zani a ƙugu, ta sa mataji a cikin ƙayoyin nan, sai ƘARAS! Haruffan manya ne, jajaye, sun cika rabin shafi. Ta je wajen kunkuru, shi kuma kafin ya ɗaga hannu har ta yi barci ta farka, da ya taɓa kan sai WAYYO YATSANA! Ta je wajen giwa mai tabarau, giwa ta ɗauko manjagara, ƁARAS, manjagara ta rabu biyu. A ƙarshe wani biri ya zo ya soka mata lemo da ayaba da fure a kan kowace ƙaya, ta shiga walima tana rangaji, kowa na miƙa hannu yana tsinka daga kanta. A hoton ƙarshe ta dawo gida da ɓawo kawai a ka, tana murmushi har kunne.

Waɗannan su ne muryoyin marigayin, kuma ta bakin Aku suke fita. In ta riƙe shi, in'ina ba ta san hanyar ɗakinmu ba. Agwagwa ta hanci take yi, ta toshe shi da yatsu biyu. Kunkuru ja take yi kamar mai jin barci. Giwa kuwa sai ta zura kai cikin bokiti. Ba ta tuntuɓe ko sau ɗaya. A jikin ƘARAS ta gane harafin ƙa mai lanƙwasa, har ta riƙa nuna mini shi a allon shaguna in muna tafiya.

Kakarta ba ta gajiya. Kullum da yamma sai ta ce, "Ƙawata, zo ki sake mini ta agwagwa." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta ce, "Ni wannan beguwa ta zo wa, almakashi zan sa mata, kowa ya huta." Aku ta harare ta, ta juya shafi.

Rashin lafiyarsa ya faro ne daga baya, inda takardun suka haɗu. Muka yi masa magani da salatif, ya ɗan ji sauƙi, ciwon ya dawo. Ɓera ya ci kunnen giwa ɗaya. Shayi ya ƙona ƙafar biri. Da shafuka suka fara zubewa na kai shi wajen telan bakin layinmu. Ya juya shi ya ce, "Maman Aku, ni ɗinki nake yi, ban buɗe asibiti ba." Amma ya sa shi a keke, ya bi bayan da baƙin zare. Ana gab da gamawa allura ta karye. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "To, beguwar taku har ni ta yi wa." Muna gode masa, domin aikin nan ya ƙara wa marigayin kwana.

Dole in faɗi abin da ya sa wannan rashi ya fi ƙarfin takarda. Kwanakin baya malamar ajinsu Aku ta kira ni. Ta ce tun da aka shiga zangon nan ba ta ji muryar yarinyar ba, ko amsa suna da ɗaga hannu take yi. Ta ce kafin hutu kowane yaro zai tashi a gaban shugaban makaranta ya faɗi wani abu da bakinsa, wanda bai yi ba ba zai wuce aji ba. Game da Aku kuma shugaban ya fara maganar a nema mata makarantar yaran da ba sa ji ba sa magana, can nesa, inda ake kwana. Na ce, "Malama, wallahi tana magana, ki zo gidanmu ki ji giwa." Malama mutuniyar kirki ce. Ta ce to Aku ta zo da littafinta ranar, ta karanta shi yadda take yi a gida, ya wadatar.

Tun da Aku ta ji haka ta shiga tsaron marigayin. Ta daina barinsa a kan tebur. Ta samo masa maɓoya a cikin rigar filonta, ba wanda ta gaya wa.

Ranar da abin zai faru na tafi kasuwa. Baban Aku mai gyaran fanka ne, ranar kuma an ɗauke wuta, ba aiki a shago, sai ya dawo gida. Mutumin da tun da na san shi bai taɓa wanke ko hankici ba, ranar zuciyarsa ta raya masa ya taimake ni. Ya kwashe zannuwan gado, ya zare rigunan filo a dunƙule, ya zuba garin sabulu kamar ba da kuɗi ake saye ba, ya jiƙa, har ya hau da ƙafa ya tattaka don su fita sosai. Na dawo na same shi a tsakar gida yana washe baki. Ya ce, "Maman Aku, yau ki zauna ki miƙe ƙafa." Na leƙa bahon, na ga ruwan ya yi ja-ja da kore-kore. Ba mu da zanin gado mai wannan launi.

Abin da muka ciro ya yi kama da biredin da ya kwana a shayi. An yi iya ƙoƙari. Mun shanya shi a kan kwano, na bi shi da dutsen guga na gawayi, Baban Aku ya yi ta yi masa fifita da murfin tukunya, ga fanka har uku a ɗaki ba wuta. Duk shafin da muka ɗaga sai ya biyo yatsa. Baƙin zaren tela ne kaɗai ya fito lafiya, sai wani ɗan yanki da bai kai tafin hannu ba, da hoton tabarau a jiki, babu fuskar mai shi.

Aku ta dawo daga makaranta da jaka a baya. Ta dubi kwano, ta dubi baho, ta dubi babanta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da na samu sauƙi. Ta ɗauki ɗan yankin nan ta shige bayan labule, kuma daga ranar ko tari ba ta yi da ƙarfi.

Babanta ya zaga duk masu sayar da littattafai da ya sani. Kowa ya ce masa, "Sunan littafin? Wa ya rubuta?" Shi kuma ya ce, "Beguwa ce, da mataji." Wani ya ce masa, "Malam, nan shago ne, ba daji ba." Ya dawo da wani sabo fil mai koyar da wanke haƙori. Aku ba ta buɗe ba. Kaka ce ke fifita da shi.

Marigayin ya rasu ya bar Aku, wadda ta fi kowa kusa da shi. Ya bar Kaka, da ba ta da abin yi da yamma yanzu sai kallon bango. Ya bar Baban Aku, wanda ba ya iya haɗa ido da bahon wanki, in ya shigo sai ya bi ta gefe, abinci ma tsakura yake yi. Ba na ganin laifinsa, kuma ina roƙon maƙwabta su daina ce masa sarkin wanki, ya ji ta ishe shi. Ya bar bokiti, da fulas marar murfi da suka zo tare. Ya bar ni, da ranar makaranta tana matsowa, ba ni da abin da zan sa wa yarinyata a hannu.

Akwai abin da ya faru ina cikin wannan rubutu, ban so in rufe ban faɗa ba. Ni in ina rubutu sai ina faɗa a fili, in ba haka ba hannuna ba ya tafiya. Ina zaune a tabarma, Kaka na gefena, Baban Aku na kwance wata fanka a bakin ƙofa. Da na kai inda na ce giwa mai tabarau, sai labule ya motsa. Aku ta fito da ɗan yankin a hannu, ta tsaya a kaina, fuskarta a murtuke. Bakinta ya buɗe.

"K... k... k..."

Kaka ta ja numfashi za ta ƙarasa mata. Na danne gwiwarta da hannu, har sai da ta ce wash. Baban Aku ya tsaya cak da sukurudireba a sama. Jijiyar wuyan yarinyar ta tashi, idonta ya kawo ruwa, ni kuma na ciji leɓe na ƙura wa tabarma ido.

"K... kunkuru ne."

Ta koma bayan labule. Ba muryar agwagwa ba ce, ba ta giwa ba. Tata ce, wadda na kusa manta yadda take. Kaka ta ce a hankali, "Ashe tsohon ne mai tabarau," tana share ido da littafin haƙori.

Daga nan ba ta ƙara ba. Na jira, na sake jira, shiru. Ban sani ba ko kalma biyu za su ishi shugaban makaranta. Ban sani ba ko gobe za ta sake.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Asabar da yamma, a gindin bishiyar bayan gidanmu. Tela ya ba da ƙyalle, za a sa shi a kwalin takalmi, Baban Aku ne zai haƙa ramin, shi ya roƙa. Kada kowa ya zo da sabon littafi. Abin da muke roƙo shi ne duk wanda ya taɓa jin labarin ya zo ya ba da shi a bakin ramin, kuma ya ba da shi ba daidai ba. Tela ya ɗauki nauyin cewa aski beguwa ta je. Kaka za ta yi agwagwa da kai a cikin bokiti. Baban Aku zai ce albasa biri ya soka. Malama ma ta ce za ta zo, ta tsaya daga baya.

In kun ga bakin Aku ya buɗe, kada wanda ya ce "faɗi mana", kada wanda ya tafa, kada wanda ya ƙarasa mata ko da ya san kalmar. Ku dubi ƙasa ku jira, yadda marigayin yake yi. Wanda ya san ba zai iya jira ba, mun karɓi ta'aziyyarsa daga nan, ya yi zamansa a gida.

Giwar da na rubuta a sama kuwa na bar ta da tabaranta, haka zan karanta ranar. Kada kowa ya gyara mini. Akwai mai gyarawa.