Jirgin da Ya Ƙi Tashi a Garejin Kaka

"...lafiya lau, Kaka. Ya gajiyar kasuwa?"

"Ta bi lafiya. Kai ya mai jiki? Ko ya cika ne kana ɓoye mini?"

Kaka ta tsaya a ƙofar gareji da jakar cefane, tana kallon jikanta da take kira Maigida tun yana rarrafe. Malami ne a makarantar koyon sana'a. Shi da ɗalibansa suka ƙera jirgin nan da ya cinye rabin garejin. Fukafukansa sun fi gadonta tsawo, amma ko kyanwa ba za ta samu wurin zama a ciki ba, daga ƙasa ake tuƙa shi da wani ɗan akwati mai sanduna. Gobe shugabannin makarantar za su zo fili su ga tashinsa. In ya ƙi, za su karɓe ɗakin da yaran ke aiki su mai da shi sito. Ga shi injin ya ɗauki wata ɗabi'a: a murza farfela ya kama, ya yi ruri kamar zai tsaga bango, jim kaɗan ya yi tari ya mutu.

Ta zaro saƙon da ya ba ta da safe ta miƙa masa. Ya juya shi gaba da baya.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Fulogi. Mai ƙafa uku ma, mai shagon ya ce ya fi ƙarko."

"Wannan ai na dutsen guga ne. Na inji na ce miki, mai ba da wuta."

"Shi wannan ruwa yake bayarwa?"

"Tsohuwa, kunnuwanki sun yi ritaya ba ki sani ba."

"Kukanka ya kashe su tun kana zanen goyo."

Ya zauna ya yi mata bayani: fulogin inji shi ke ƙyasta wuta a ciki, wutar ta kama fetur, fetur ya juya farfela. Kaka ta saurara da kyau, kanta ya ƙara ɗaurewa. Ita dai abin da ta sani, duk mai hankali raba wuta da fetur yake yi. Ta ce shi ya haɗa su ciki ɗaya, kuma yana mamakin abu ya mutu. Ya ce ya wanke kabureta, ya sake haɗin mai da fetur, ya canza batir, har tsohon fulogin ya goge ya ga yana ba da wuta. Ta tambaye shi to me ya sa ya aike ta sayen sabo. Ya sosa ƙeya, ya ce shi ma bai sani ba.

"Ni na zaci direban jirgi na aura," in ji ta. "Ashe direban a ƙasa yake tsayawa, jirgin ma ya yi koyi da shi."

"Ci gaba. Sakin ki zan yi in auro mai sanin kayan inji."

"Wace za ta yarda? Jirgi ba kujera, miji ba dabara."

Ya ajiye fulogin ya dafe kai. Wannan ne ya sa ta dube shi sosai. Idanunsa sun yi ja, yatsunsa duk yanka. A hankali ya ce yaran nan hutunsu gaba ɗaya suka ba jirgin, bai san da wane baki zai gaya musu ba. Kaka ta ajiye jakar, ta jawo benci ta zauna kusa da shi. Ba ta da abin da za ta taimaka da shi sai zaman.

Tana zaune wani zanzaro ya shigo ya dame ta da shawagi. Ta kore shi da gefen mayafi, ta bi shi da ido. Ya sauka ƙarƙashin cikin jirgin, ya manne a bakin wani siririn bututu.

"Ashe ka samu fasinja. Ga shi can har ya gina ɗaki."

Maigida ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Bakin bututun a toshe yake da laka. Ya ce ta nan iska ke shiga tanki, in ta toshe fetur ba ya sauka, kamar gwangwanin madara mai huda ɗaya.

"Wato madara yake sha?"

"A'a, Kaka. Numfashi yake yi ta nan."

"Ta ciki? To hancin nan na gaba na mene ne?"

 Ya zura siririyar waya cikin bututun ya sosa, ya busa, busasshiyar ƙasa ta zubo. Ya ɗaure wutsiyar jirgin da igiya, ya ce ta koma baya don farfela ba ta san kaka ba. Ya murza. Injin ya kama. Suka jira tarin nan, bai zo ba. Ya ƙara masa wuta, rurin ya cika garejin, iskar farfela ta fizge ɗankwalin Kaka ta maƙala shi can saman katakon rufi.

Da ya kashe injin, ta dafe furfurarta da hannu biyu.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau jirgi ba zai gani ba."

"Me kika hango? Ƙwaro kike kora."

"Wa ya gyara?"

"Kin ma san abin da aka gyara?"

"Ban sani ba, kuma ba na nema. Wa ya gyara?"

Ya dubi jirgin, ya dubi kan tsohuwar, dariya ta ƙwace masa har ya zauna a ƙasa.

"Ke ce. Na janye sakin."

"Ba a nan take ba. Mijin da ya buɗe wa matarsa kai, sabon ɗankwali yake saya."

"Biyu zan saya," ya ce, yana share hawaye. "Amma da kaina zan je, kada in aike ki ki dawo mini da labule."